An Sauya Masa Mudu Yana Tsakiyar Awo

Ranar wata Asabar, bayan sallar La'asar, ɗan yayata ya shigo gidana da takarda a ninke cikin aljihun gaban rigarsa. Bai fito da ita nan take ba. Sai da muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya sha ruwa, ya daɗe yana jujjuya makullin babur a hannu, sannan ya ce, "Kawu, ɗan duba min wannan." Takardar gargaɗi ce daga kamfanin kayan masarufin da yake yi wa talla, irin wadda su a bakinsu suke kira kwiri. Ba ta da tsawo. An ce aikinsa ya yi ƙasa da abin da ake bukata, an ba shi wata guda ya gyara, in ba haka ba kamfani zai ɗauki mataki. Duk mai aikin albashi ya san abin da kalmar mataki take nufi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, yaron nan ne dai, ba a fi shekara ɗaya da rabi ba, ya shigo mana da sabuwar fanka a kwali da takardar yabo, shaidar cewa ya fi kowa ciniki a shiyyarsu. Fankar tana nan a ɗakin mahaifiyarsa. Na ce masa, "To me ya same ka? Gajiya ka yi ne, ko wani abu ne ya shiga tsakaninka da aikin?" Ya girgiza kai, ya ce, "Wallahi Kawu, yadda nake fita da, haka nake fita yanzu. Oga ne ya canja. Wannan na uku ke nan."

Tun daga ranar maganar ba ta bar ni ba. Na yi ta tayar da ita duk inda na haɗu da masu irin aikinsa, da maketocin banki, da waɗanda ke shugabantarsu. Abin da na fahimta shi ne, sau da yawa abin da ake kira gazawar ɗan talla ba gazawa ba ce. Mudu ake sauya wa mutum yana tsakiyar awo, sannan a juyo a ce ya tauye.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka yawon nuna kaya ne kawai. Ya wuce nan. Duk wanda ya taɓa kutsawa kasuwar Singa a Kano da hantsi ya ga tireloli da 'yan dako da katan-katan na taliya, sukari, madara, man girki da sabulu suna fita zuwa Katsina, Haɗeja, Maiduguri, har Maraɗi da Damagaram. Kayan nan daga kamfani suke zuwa hannun babban dila, daga nan su sauka wurin 'yan sari, sannan su isa shagon unguwa da teburin mai tireda. Ɗan tallan kamfani shi ne zaren da ke ɗinke waɗannan gaɓoɓi. Shi ke karɓar oda, shi ke bin bashi, shi ke sanar da sabon farashi ya sha zagin da ya biyo baya, shi ke lallashin mai shago in kaya suka yi kwantai. A ƙarshen wata kuwa, duk wannan fama lamba ɗaya yake komawa a gaban manaja: ya cika taget ko bai cika ba. Albashin tushe kaɗan ne, ragowar abin da zai kai gida kamasho ne, kamashon kuma a ɗaure yake da wannan lamba.

Oga uku, mudu uku

Ogansa na farko dattijo ne da ya tsufa a harkar. Shi a wurinsa aiki shi ne kaya su fita, sito ya zama wayam. Ya san 'yan kasuwa, ya san cewa a ƙasar nan ciniki ba ya tafiya babu bashi, don haka ya ba yaransa dama su bar wa amintattun masu shago kaya na mako ɗaya ko biyu. Da baki ya ba da damar, a tsaye, a bakin mota. Da wannan dama yaron ya buɗe hanyar da kamfanin ba shi da kowa a cikinta. Ya riƙa cin kasuwar Wudil ranar Juma'a, yana leƙawa ƙauyukan wajen Gaya da Garko, yana ajiye katan biyu nan, uku can, har masu shaguna suka saba da shi suna kiransa da sunan kayan da yake kawowa. A wannan zamanin aka ba shi fanka.

Sai aka ɗauke dattijon zuwa wata shiyya. Wanda ya gaje shi daga ɓangaren lissafi ya fito, kuma an turo shi ne domin bashin kamfani a hannun 'yan kasuwa ya yi yawa. A zamansa na farko da su ya yanke magana: daga yau kuɗi hannu, babu katan ɗaya da zai kwana a waje ba a biya ba. Ya sa aka fito da lissafin bashin da ke kan kowane ɗan talla, sai ga na yaron nan ya fi na kowa, domin shi ya fi kowa fitar da kaya. Abin da jiya ya jawo masa yabo, yau ya zama tuhuma. Da ya ce tsohon oga ne ya ba da izini, sai aka tambaye shi takarda. Babu. Aka fara yankar abin da ya makale daga kamashonsa.

Ya ba ni labarin wani dattijo mai shago da ya je wa da sabuwar dokar. Mutumin ya ajiye carbinsa a kan kanta, ya dube shi, ya ce, "Yaro, tun da muke hulɗa da kai, na taɓa cin maka ko kwabo?" Ya ce a'a, Baba. Dattijon ya ce, "To je ka, Allah ya ba da sa'a." Mako biyu bayan haka, kayan wani kamfanin ne jere a inda nasa suke zama. Ya ce min a duk wahalar aikin nan babu ranar da ta yi masa ciwo kamar wannan, domin ya san mutumin bai yi masa komai ba.

Oga na uku matashi ne mai kwamfuta a jaka. Ya zo da manhaja a waya wadda ke nuna inda ɗan talla yake, da shago nawa ya shiga a yini, da hoton yadda aka jera kaya a kanta. Ma'auninsa shi ne yawan shagunan da aka ziyarta da sababbin kwastomomin da aka yi wa rajista. Abokan aikin yaron da ke cikin birni, inda shaguna suke jere kamar haƙora, kafin Azahar sun cika adadinsu. Shi kuwa tsakanin shago da shago sai ya yi tafiyar rabin sa'a a kan babur, a wasu ƙauyukan ma babu sabis, sai manhajar ta nuna kamar bai fita ba. Daga wannan allon aka rubuto takardar da ya kawo min.

Na yi tunani sosai a kan mutanen nan uku, kuma ban ga azzalumi a cikinsu ba. Kamfani yana bukatar kaya su fita, yana bukatar kuɗinsa su dawo, yana bukatar ya san ma'aikacinsa ya fita aiki. Kowannensu gaskiya ya riƙe. Inda aka yi ɓarna shi ne tsakaninsu. Babu wanda ya miƙa wa na bayansa bayanin abin da ya yi alkawari da abin da ya halatta. Babu wanda ya ce daga ranar kaza sabuwar doka za ta fara, abin da ya gabata kuma da tsohuwar za a auna shi. A Dawanau ko yaro ya san ba a fara awon buhu da tiya a ƙarasa da wani kwano. Malaman fiƙihu ma, a babin ijara, sun sharɗanta cewa aikin da za a yi da ladan da za a biya su zama sanannu ga ɓangarorin biyu tun kafin a fara. Abin da aka yi wa yaron nan ya saɓa wa wannan ƙa'ida mai sauƙi.

Kasuwar da ake awon a cikinta

Ko da oga ɗaya ne ya zauna, shekarun nan sun isa su rikita kowane lissafi. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, kuma cinikin ƙauye da tsaba ake yin sa. Sai a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Ranar 29 ga Mayun shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da ɗoriya ta zarce 1,500 a farkon 2024. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe daga ɓangaren Nijeriya ba sai Maris ɗin 2024, alhali fataken Nijar na cikin manyan masu sari a Kano. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a 2023 GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Nijeriya, Procter & Gamble kuma ya daina sarrafa kaya a ƙasar ya koma shigo da su.

A irin wannan yanayi, hatta ma'aunin da aka zaɓa yana iya yi wa mutum ƙarya ko ya yi masa sharri. In da naira aka yanka taget, tashin farashi kaɗai zai iya cika wa malalaci nasa, domin katan ɗin da ya sayar bara ya ninka kuɗi bana. In kuma da yawan katan aka yanka, mai ƙwazo zai faɗi, domin matar da a da take sayen gwangwanin madara yanzu ƙulli take saye, mai shagon da ke ɗaukar katan goma jarinsa ba ya ɗaukar fiye da biyar. Ga kuma alawus ɗin mai, wanda a wurare da dama yakan daɗe a inda yake bayan fetur ya yi gaba. Manajan da ya ɗauko lambar bara ya ƙara mata wani abu ya ce ga taget ɗin bana, bai auna ɗan talla ba. Tattalin arzikin ƙasa ya auna, ya ɗora sakamakon a wuyan mutum ɗaya.

Wani masani ɗan Amurka, Edwards Deming, wanda ya koya wa masana'antun Japan dabarun inganta aiki tun daga 1950, yana da wani gwaji da yakan yi a gaban manajoji. Zai kawo akwati cike da ƙananan duwatsu irin 'ya'yan carbi, farare da jajaye, ɗaya cikin kowane biyar ja ne. Sai ya kira mutane daga cikin masu sauraro ya ba su wani ɗan katako mai ramuka 50, ya ce kowa ya tsoma ya ɗebo, kuma farare kaɗai ake so. Wanda ya ci sa'a jajayensa suka yi kaɗan a yabe shi, wanda nasa suka yi yawa a yi masa faɗa, a yi barazanar korarsa. A zagaye na gaba sai gwanin ɗazu ya koma baya, na baya ya zama gwani. Babu abin da hannun ɗayansu ya yi, jajayen tun farko a cikin akwatin suke. Abin da Deming ke son shugabanni su gane shi ne, mafi yawan bambancin da ake gani a sakamako daga tsarin aiki yake fitowa, tsarin kuwa a hannunsu yake. Da na karanta wannan, fankar nan da takardar kwirin nan ne suka zo min a rai tare.

Me ya sa kowane sabon oga yake zuwa da nasa?

Sarki goma zamani goma, wannan tsohon zance ne. Amma a harkar talla akwai dalilai na kusa. Shi ma ogan akwai nasa ogan, akwai kuma lambar da aka rataya masa. Galibi ba a sauya manaja sai an ga wata ɓaraka, don haka wanda aka turo yana zuwa ne da umarnin toshe wannan ɓarakar, idonsa ba ya ganin komai sai ita. Yana kuma da 'yan watanni ne kawai ya nuna zuwansa ya yi amfani, hanya mafi sauri kuwa ita ce ya sauya abin da ake ƙirgawa.

Akwai kuma yadda ake zaɓen shugabannin. Al'adar kamfanoni ita ce wanda ya fi kowa ciniki shi ake ɗagawa ya zama sufabaiza. Tun 1969 Laurence Peter ya rubuta cewa ana ta ƙara wa ma'aikaci girma saboda ya iya aikin da yake yi, har a kai shi kujerar da bai iya ba. A 2019 wasu masana uku, Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue, suka wallafa binciken da suka yi a kan 'yan tallan kamfanoni sama da 100 a Amurka. Sun samu cewa gwanayen ciniki su aka fi ɗagawa, kuma cinikin waɗanda ke ƙarƙashinsu yakan fi yin rauni in aka kwatanta da na ƙarƙashin manajojin da ba su yi fice sosai a talla ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iya sayar da kaya daban, iya riƙon mutane daban. Gwani yakan ɗauka hanyarsa ce kaɗai hanya, duk wanda bai bi ta ba malalaci ne.

In matsin lamba ya yi yawa kuma babu mai sauraron koke, abin da ke biyo baya ya fi faɗuwar ciniki muni. Bankin Wells Fargo na Amurka ya ɗora wa ma'aikatansa burin sayar wa kowane gida hajoji takwas na banki, ana bin su da ƙidaya kullum. Da suka ga abin ba mai yiwuwa ba ne, sai wasunsu suka shiga buɗe wa kwastomomi asusu da katin bashi ba da saninsu ba. A Satumbar 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185. Aka gano asusu kusan miliyan 2, daga baya adadin ya kai miliyan 3.5. Bankin ya riga ya kori ma'aikata kimanin 5,300 a cikin shekarun da abin ke faruwa, kamar dai laifin nasu ne su kaɗai. Sai da magana ta fito fili shugaban bankin, John Stumpf, ya sauka, aka soke taget ɗin, a 2020 kuma bankin ya amince ya biya dala biliyan 3.

Mu ma mun san ɗanɗanon wannan. A 2004 Charles Soludo, yana gwamnan Babban Banki, ya ɗaga jarin da ake bukata daga kowane banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25 a ƙarshen 2005. Gasar farautar ajiya ta yi zafi, kalmar taget ta shiga gidaje. Wane ne a cikinmu bai taɓa samun ƙanwa ko ɗan maƙwabci da ya zo yana roƙon a buɗe asusu ko a ajiye wani abu zuwa ƙarshen wata don kada a sallame shi ba? A wajen masu kayan masarufi kuwa salon daban ne: a daren ƙarshen wata a roƙi dila ya karɓi kayan da ba ya bukata domin lamba ta cika, wata mai zuwa kayan su yi kwantai, a karya farashi, kowa ya yi asara.

Ba ina wanke 'yan talla ba ne gaba ɗaya. Akwai wanda zai karɓi kuɗin kwastoma ya juya su mako biyu kafin ya kai banki. Akwai mai karkatar da garaɓasar da kamfani ya bayar domin masu shago ya sayar a gefe. Akwai mai zama a inuwar mai shayi ya cika fom ɗin ziyarar da bai yi ba. Manhajar oga na uku saboda irin waɗannan aka ƙirƙiro ta, kuma tana kama su. Laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa. Amma manajan da ya san aikinsa dole ya iya rabe mai ƙiwa da wanda hanya ta yi wa tsawo, kuma ba a gane wannan daga kan allo.

Inda doka ta tsaya

Da na ga takardar, tunanina na farko shi ne ko doka za ta tsaya masa. Abin da na tarar bai faranta min ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi cewa a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, ta kuma ƙayyade wa'adin sanarwa kafin sallama, daga kwana ɗaya ga sabon shiga har zuwa wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Sai dai a sashe na 91, inda ta fassara wanene ma'aikaci, ta cire wakilai da masu yawon talla matuƙar aikinsu a wajen harabar kamfani suke yin sa. Wato mutumin da ya fi kowa shan rana shi aka bari a wajen rumfa. Ƙari a kan haka, da yawansu ba kamfanin da suke sayar wa kaya ne ya ɗauke su ba, wani ɗan kwangila ne a tsakani.

Abin da ya rage masa shi ne takardar ɗaukarsa aiki da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon sauraron ƙorafin rashin adalci a wurin aiki da la'akari da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Kotun tana da reshe a Kano, kuma a shari'o'i da dama ta nemi mai ɗaukar aiki ya kawo dalilin da ya sa ya sallami ma'aikaci. Amma kotu da shaida take aiki. Izinin da aka bayar da baki a bakin mota ba ya shiga fayil.

A nan ne nake ganin tsohon tsarinmu na kasuwa ya fi na kamfani wani abu guda. Yaron shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari ubangida ɗaya gare shi na tsawon shekaru. Shi ya ce a ba wane bashi, shi kuma zai tuna ya faɗa. Ya san ranar da yaron ya yi kuskure, ya san ranar da ya tsare masa dukiya, kuma in lokacin sallama ya yi duka yake haɗawa ya auna. Tsarin yana da nasa zaluncin, mun sha ganin wanda ya yi bauta shekara goma aka ƙirƙiro masa laifi daf da sallama. Amma aƙalla akwai ƙwaƙwalwa ɗaya da ke riƙe da tarihin aikin. Kamfani ba shi da wannan. Manaja ya tafi, ya tafi da duk abin da ke kansa. In ba a rubuta ba, tarihin ma'aikaci daga ranar da sabon oga ya zo yake farawa.

Saboda haka abin da nake nema daga sabon shugaba bai da yawa. Kafin ya taɓa komai ya zauna da wanda ya gada, ya karɓi bayanin kowane ɗan talla a rubuce: yankinsa, bashin da aka yarda ya bayar, alkawarin da aka yi masa. Ya hau bayan babur ɗin kowannensu ko da yini ɗaya ne, ya ga hanyar da idonsa, domin gani ya kori ji. In zai sauya ma'auni yana da iko, idan kiɗa ya sauya rawa ma dole ta sauya. Amma ya faɗa a rubuce, ya sa ranar farawa, ya ba da lokacin sabawa, kuma abin da aka yi a ƙarƙashin tsohuwar doka ya bar shi a can. Kada ya yanka wa mai ƙauye abin da ya yanka wa mai birni. In ya ga mutum ya yi ƙasa, ya fara tambayar me ya sauya kafin ya tambayi wa za a hukunta. Kamfanin da ya sauya wa ma'aikaci shugaba sau uku cikin shekara biyu kuwa, ya kamata kafin ya sa hannu a takardar gargaɗi wani daga sama ya jera sakamakon mutumin tun daga farko ya duba, ba na wata uku na ƙarshe kaɗai ba.

A daren Asabar ɗin nan muka zauna da ɗan yayata muka rubuta amsa. Na hana shi sa zafin rai a ciki, ko da yake yana da dalilin fushi. Muka jera abin da ya sayar a zamanin oga na farko, da bashin da ya karɓo a zamanin na biyu, da nisan da ke tsakanin shagunansa, da sunayen ƙauyukan da babu sabis. A ƙarshe ya roƙi abu biyu: a rubuta masa abin da ake so daga gare shi, kuma oga ya bi shi aiki rana ɗaya.

Ogan ya bi shi, kuma wannan abin a yaba masa ne. Ranar Juma'a suka tafi, suka dawo bayan Magariba, ƙura ta rufe su. Bai janye takardar ba, ya ce ta riga ta shiga fayil. Amma ya rage masa adadin shagunan da zai shiga a yini, ya yarda ya riƙa tura bayanan ƙauye da yamma in ya shigo inda akwai sabis, ya kuma aiko masa da wannan a rubuce ta waya. Kuɗin da aka yanka masa a zamanin oga na biyu ba su dawo ba. Dattijo mai shagon nan ma bai dawo ba, ko da yake yaron yana tsayawa su gaisa duk ranar da ya bi ta wurin.

Makon jiya ya zo gaishe ni, na ga wani littafi mai baƙin bango a cikin jakarsa, irin wanda masu shago ke rubuta bashi. Na tambaye shi na mene ne. Ya buɗe min. Duk umarnin da aka ba shi da baki yana rubutawa, da kwanan wata, da wurin da aka faɗa, sannan da yamma ya tura wa oga saƙo cewa ga abin da ya fahimta, in akwai gyara a gyara masa. Ya ce ana raɗe-raɗin za a sake yi wa manajoji canjin wuri bayan Sallah. Ya mayar da littafin jaka, ya ce zai wuce, domin gobe da sassafe yana da kayan da zai raka Gaya.